An ba su Auta zuwa ƙarshen wata

Talata. Sanyi ya fara shigowa, da asuba sai da na jawo bargo. Ɗinkin ankon nan da ya hana ni sakat ya ƙare, mai shi ta zo ta karɓa ba ƙorafi, har da ɗan kuɗin goro a kai. Raina fes na tari adaidaita zuwa Ali Dan Sofo, unguwar jami'a a nan Maradi, in kai wa ƙanena Auta da ke karatu can gari da ƙuli-ƙulin da Inna ta aiko daga Dakoro.

Ƙofar gidansu na tarar da buhunan siminti da kwalayen tayil. Ɗakuna biyun farko an riga an ɓalle musu ƙofofi. Auta na zaune kan tabarma, takardunsa a cikin kwalin sabulu, ya ɗaure da igiya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, an ba mu zuwa ƙarshen wata."

Su uku ne a ɗakin, jika 15 (sefa dubu 15) a wata, kowa jika 5, ban da wuta da ruwa. Ba su taɓa tsallake wata ba, na sani, don rabon Auta daga hannuna yake fita duk lokacin da bursu, kuɗin tallafin ɗalibai, ta yi jinkiri.

Na sami Alhaji mai gidan a gindin dogon yaro. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, yaran nan wani laifi suka yi?" Ya ce, "Wallahi ɗiyata, ko ɗaya. Yaran kirki ne." Gyara zai yi, ya sa gado da katifa da na'urar sanyi da talabijin, ya riƙa bayarwa kwana-kwana. Jika 10 a dare. Ya ƙirga mini da yatsu: baƙo ya kwana biyu, ya wuce abin da ɗalibi uku ke biya a wata. Ya ambaci 'yan kasuwar da ke shigowa ta Dan Issa daga Jibiya da Katsina, da 'yan biki, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da suka yawaita tun 2019 da 'yan gudun hijira suka fara kwararowa yankin Gidan Rumji. Ya ce maƙwabcinsa ya yi haka bara, har ya sake rufi.

Na ce, "Baba, ko zuwa hutu a bar su. Tsakiyar karatu ake." Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce magina sun riga sun karɓi kuɗi.

Abin da ke cin raina tun ɗazu shi ne, mutumin ba mugu ba ne. Da azumi shi ke aika musu kunu. Lissafinsa daidai ne, iyali gare shi, siminti ya yi tsada. Amma unguwar nan da me ta tashi? Kafin a buɗe jami'a a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, wa ke rububin ɗaki a can? Ɗakunan kwanan jami'a ba su isa kowa ba, sai yara suka bazu cikin gidajen mutane. Su suka jawo mai shayi da mai hoton takardu da mai tuwo, su suka sa fili ya yi daraja. Da jami'ar Maryam Abacha ta zo a 2013 da ɗalibai daga Najeriya, haya ta ƙara hawa a gari. Yanzu da unguwa ta yi kyau, ɗan talaka daga Mayahi ko Tasawa shi ne farkon wanda za a ce ya tattara. Yaron da ubansa ya sayar da buhun gero ko akuya ya turo shi karatu ba zai iya gogayya da mai kwana biyu ya tafi ba. Ni dai ban yarda ɗakin ɗalibi kaya ne irin na kasuwa da za a juya duk inda riba ta fi ba, ko da kuwa doka ta ba mai gida dama.

Mun zaga da wani dillali har la'asar. Ɗaki ɗaya, jika 20, a biya wata uku gaba, ga ladansa daban. Wani kuma ba taga, banɗaki ɗaya na gida duka. Abokin Auta na Madarunfa bai ce uffan ba duk yawon, sai a hanya ya ce wataƙila ya koma kwana a zauren wani ɗan garinsu.

Kuɗin ankon dai ga inda za su tafi.

 

Na yi wa Baban su Ummi maganar, ya ce in abin ya ƙi, Auta ya zo a raba ɗakin yara da labule, sai dai kuɗin kabu-kabu kullum daga nan unguwar Zariya ya kusa kama kuɗin hayar. Sauran biyun kuma fa? Gobe bayan azahar dillalin zai kai mu unguwar Burja mu duba wani ɗakin. Duk wanda ya san ɗaki kusa da jami'a da bai wuce jika 15 ba, don Allah ya sanar da ni kafin ƙarshen wata.