Kafin ku haɗa tafiya Farin Ruwa

Ƙannena 'yan Jos, na ga yanzu da an samu hutu sai a buɗe gurup a WhatsApp, wannan ya ce mu je kallon magangarar ruwa ta Assop, wancan ya ce ta Kurra, wasu ma har Farin Ruwa can Wamba a jihar Nasarawa. Wallahi ku je Farin Ruwa ku ga ikon Allah, ruwa ne ke gangarowa daga dutse mai tsawon kusan mita 150, fari fat kamar ana tsiyayar nono. Amma dan Allah kar ku je yadda na je.

Assop ai a bakin hanyar Abuja take wajen Hawan Kibo, ka sauka mota ka ɗan taka ka iso. Farin Ruwa ba haka ba ne, bayan ka wuce Wamba hanyar ta lalace, inda mota ta tsaya kuma sai a ƙafa cikin daji. Ni da silifas na je, ledar fiyawata ɗaya a hannu, kuma sai bayan azahar muka fara takawa, a watan Agusta fa, tsakiyar damina.

Duk wannan mai sauƙi ne. Wanda har yau yake damuna shi ne wani saurayi ɗan ƙauyen ya ce mana kar mu matsa bakin ruwa don an yi hadari can sama, mu kuma muka ɗaga kai muka ga rana tarwai, sai muka ɗauka kuɗi yake nema muka share shi. To ruwan nan daga tudun Filato yake sakkowa, ana iya tafka ruwan sama can nesa kai ko ɗigo bai taɓa ka ba, sai dai kawai ka ga kogi ya ƙaru. In kun ga launinsa ya fara komawa na laka, ko yana kwaso ganyaye da ƙirare, ko ƙararsa ta canza, ku haye sama nan take, hoton ya jira. Ni ina kan dutse ina ɗaukan hoto na ga haka, garin sauri na taka gansakuka santsi ya kwashe ni na yi targaɗe a idon sawu, ga ba netwok ga magariba ta kawo kai, kuma wannan yaron da muka raina shi ne ya tallabo ni har inda aka samo mashin. Allah ya saka masa da alheri.

Saboda haka ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora, ku biya shi da kyau ba ciniki, in ya ce kar a shiga to kar a shiga, ko kun iya iyo. Ku sa kambas mai kama ƙasa, ku fita bayan asuba, ku faɗa wa na gida inda za ku, ku kuma tambayi yanayin tsaron hanya kafin ku tashi. In son samu ne ku bari sai Nuwamba ko Disamba, lokacin ruwan ya ja baya hanya ta bushe. Ledojinku da robobi kuma ku kwaso abinku ku dawo da su Jos.