Matakalar da ke kiɗa a Biyana

Jama'a, akwai gidan tarihin da ba a ce maka "kar ka taɓa". Haus der Musik ke nan, wato gidan tarihin kiɗa, a Biyana babban birnin Ostiriya, wanda aka buɗe a shekarar 2000. Tun daga matakala ake fara wasa: an mayar da ita fiyano, kowace taka da sautinta da haskenta. Na ga wata dattijuwa da sandarta tana hawa tana sauka, wai sai ta haɗa waƙa, jikanta yana ja mata hannun riga.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban wani ƙaton allo. Makaɗan Vienna Philharmonic, shahararriyar ƙungiyar kiɗa ta Biyana, ne zaune a cikin bidiyo, a miƙa maka 'yar sanda ka zama shugaban kiɗa. Ka ɗaga hannu da sauri su yi sauri, ka sassauta su sassauta. Wani saurayi ya dinga kaɗa sandar kamar mai korar ƙuda, sai makaɗan suka ajiye kaya, ɗaya ya miƙe yana yi masa faɗa. Dariya kam mun sha. Ashe a ginin nan Otto Nicolai ya zauna, shi da ya kafa ƙungiyar a 1842.

Sashen tarihin su Mozart da Beethoven, manyan masu tsara kiɗan Turai na da, bai kama ni sosai ba, karatu ya yi yawa. Amma wallahi na so a ce kalangu da kukuma da kakaki sun samu irin wannan ɗakin, yaro ya matsa tsarkiya da hammatarsa ya ji yadda muryar ganga ke hawa da sauka.