Dirhaman Musulmi a tsibirin Gotland

Kwana biyar ke nan da dawowata Kano, amma azurfar nan da na gani a Visby, babban garin tsibirin Gotland, ta ƙi barin idona. Na je Suwidin ne wajen ƙanena da ke karatu a Uppsala, shi ya matsa mu ƙetara Gotland. Daga Nynäshamn jirgin ruwa ya ci awa uku da ɗoriya.

A gidan tarihin Visby aka ajiye taskar Spillings, wadda aka tono a wata gona a 1999: azurfa kilo 67, ciki da tsaba fiye da 14,000, kusan dukkansu dirhaman ƙasashen Musulmi. Na kai fuska jikin gilashi, sai ga kalmar shahada da rubutun Kufi, tsohon salon rubutun Larabci. Tsigar jikina ta tashi. Wata dattijuwa da ke aiki a wurin ta ga bakina yana motsi, ta ce, "Don Allah karanta mini da ƙarfi." Na karanta. Ita ta nuna mini yadda 'yan Viking, mayaƙa da fataken yankin na zamanin da, ke gutsuttsura dirhami da awarwaro su ɗora a sikeli, kamar masu gwal a kasuwanninmu. Ba ruwansu da sunan halifa, nauyi kawai suke so. Bayan nan ta saya mana shayi da burodin kirfa, ta hana mu biya.

Alheri ne babba, domin tsadar ƙasar ta wuce misali. Kuɗin shayi kofi ɗaya sai ya ciyar da gida a Kano. Kuma ba sa son kuɗin hannu. Wani direban bas ko kallon takardar da na miƙa bai yi ba, ya nuna na'urar kati da yatsa. Abin ya yi mini zafi, ai baƙo ya cancanci kalma ɗaya.

Ban da azurfa, na kuma ga rubutun 'yan Viking a kan duwatsu. A zamaninsu haruffansu 16 ne. Na farko sunansa fé, ma'anarsa dabbobi, ma'anarsa kuma dukiya, daidai yadda Bafulatani ke cewa "dukiyata" yana nufin shanunsa. Tsofaffin baitocinsu sun ce fé shi ke haɗa dangi faɗa. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san haka.

A Täby, arewa da Stockholm, na ga duwatsun wani mutum mai suna Jarlabanke, na ƙarni na 11. Yana raye ya sa aka sassaƙa cewa shi kaɗai ya mallaki Täby gaba ɗaya. A wurinmu maroƙi ake ba kuɗi ya faɗi wannan. Da farko na ƙyamaci fariyar, amma dutsen ya ƙara da cewa ya gina gada saboda ransa, sai na tuna masu haƙa rijiya sadaka.

Dutsen da ya fi taɓa ni shi ne na Gripsholm. Wata uwa, Tola, ta kafa shi don ɗanta Harald, wanda ya bi ayarin wani jagora mai suna Ingvar gabas neman zinariya, suka mutu a kudu, a Serkland, wato ƙasar Musulmi. Na daɗe a tsaye ina tuna iyayen yaranmu da suka bi hanyar Agadas har yau babu labari.

A Uppsala na yi kwana biyu, ruwa bai ɗauke ba. Daga nan sai filin jirgin saman Arlanda, sai Istanbul, sai gida.