Likitan Inna yana cikin waya

Inna tana da hawan jini, kuma ƙauyenmu yana can bayan Gwadabawa. Da, duk wata sai mu yi sammako mu shiga mota zuwa Sakkwato, mu wuni a layi, likita ya duba ta minti biyar, mu dawo da magariba ta galabaita. Kuɗin mota kaɗai ya fi na magani.

Yanzu ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi na garinmu ce ke auna jininta, ta tura wa likita ta WhatsApp, sannan ta kira shi ta bidiyo. Ranar farko Inna ta ja gyale ta rufe fuska. "Ɗan nan, a ina yake ganina?" Sai da ya gaishe ta da Sakkwatanci, ya tambayi kwanan jikoki, kafin ta saki jiki.

Matsalarmu sabis. Wani lokaci sai an fita gindin darbejiya ana ɗaga waya sama, cajin kuma sai shagon mai sola. Kuma ta waya likita ba ya iya taɓa jikin mara lafiya. Ranar da ƙafafun Inna suka kumbura, cewa ya yi mu kawo ta birni gobe-gobe, muka kawo ta.