Daƙiƙa 14: darussan da na koya wajen ɗora waƙa mai taushi a tallan talabijin na Japan

Duk wanda ya zauna a teburin kiɗa na kamfanin talla a Tokiyo ya san tallan daƙiƙa 15 suna ne kawai. Ƙa'idar miƙa talla ga gidajen talabijin ta ce a bar rabin daƙiƙa shiru a farko, a bar rabi a ƙarshe. Saura 14. Idan mai kaya yana da ɗan kiɗan da yake rufe tallansa da shi, cire daƙiƙa ɗaya da rabi ko biyu. Abin da ya rage wa waƙa bai fi 12 da rabi ba.

To ga waƙa mai taushi, irin wadda ke tafiya a kan bugu 72 a minti. Gaɓa ɗaya mai bugu huɗu tana cin daƙiƙa 3.3. Amshin waƙa, wanda Japanawa ke kira sabi, yawanci gaɓa takwas ne, kusan daƙiƙa 27 ke nan. Ko rabinsa ba zai shiga ba. Dole a yanka, kuma a wurin yankan nan ne aikin ke kayar da mutane.

Kuskuren da ya fi kowanne ciwo shi ne yanka waƙa da ido. Mai tace sauti ya buɗe hoton sautin a kwamfuta, ya ga inda bugu ya sauka, ya datse a nan. Kiɗa ya zauna daram, hoto ya yi daidai, kowa ya gyaɗa kai. Amma jimlar Japananci a ƙarshe take ajiye aikatau, a wutsiyar aikatau kuma take ajiye korewa. Mu da Hausa muna sa "ba" a gaba mu sa a baya, ko an guntule ta ƙarshe mai sauraro ya riga ya ji ta farko. Su ba haka ba ne. Dekiru na nufin zai yiwu, dekinai na nufin ba zai yiwu ba, kuma sai an wuce "deki" ake sanin wanne ake faɗa. Mawaƙin waƙa mai taushi kuwa jan wutsiyar kalma yake yi ya tsallaka da ita cikin gaɓa ta gaba. Ka datse a kan bugu, ka bar masoyi yana faɗin rabin magana, ko ka bar mai sauraro ya ƙarasa ta da kishiyar abin da aka rubuta. Wanda ya fi wannan muni shi ne ɗinki: a ɗauko farkon ɗango na ɗaya a liƙa masa ƙarshen ɗango na huɗu don a sami saukar kiɗa mai daɗi. Kunne ba zai ji ɗinkin ba. Marubucin waƙar zai ji, domin an sa masa a baki jimlar da bai taɓa rubutawa ba.

Dokar haƙƙin mallaka ta Japan tana bayansa. Akwai haƙƙin da ke manne da marubuci shi kansa, wanda ba ya sayuwa ba ya kyautuwa, kuma a cikinsa akwai cewa ba a sauya aikinsa ba da yardarsa ba. Ko kun biya kowa kuɗinsa cif, idan ya ce a'a, an gama magana.

Yadda abin ke faruwa kusan kullum iri ɗaya ne. A harhaɗa na daƙiƙa 30 tukuna, a nuna wa mai kaya, ya yaba, a sa hannu. Na daƙiƙa 15, wanda shi ne za a fi nunawa nesa ba kusa ba, sai a bar shi zuwa daren ƙarshe a ce ai guntule wancan za a yi. A gama haɗa sauti, sannan a tura wa ofishin marubuci "don ya duba". Amsa ta dawo cewa ba a yarda ba. Lokacin nuna tallan an riga an saya, ranar miƙa wa gidajen talabijin ta ƙarato, gidan kuma sai ya yi nasa binciken kafin ya karɓa. Ƙarshenta ko a sake kama ɗakin haɗa sauti cikin dare da kuɗi na biyu, ko talla ya fita da kiɗa zalla ba murya, bayan muryar ce aka zuba wa kuɗi.

Sai a nemi mai laifi, kuma a ƙasa ake nemansa. Wanda ya riƙe almakashi shi ke rubuta takardar ban haƙuri. Amma ba shi ya yanke shawarar a jinkirta tura wa marubuci ba. Na sama ne ke yin haka, don yana gudun a ce a'a da wuri ya rasa bakin gaya wa mai kaya, yana ganin idan aski ya zo gaban goshi marubuci zai ji nauyi ya yarda. Manyan marubuta ba sa jin wannan nauyin, kuma ban ga laifinsu ba. Saboda haka ƙanena, idan aka ce maka "bari sai mun gama", ka nemi a rubuta maka umarnin, ko kai ka rubuta saƙo cewa ka ba da shawarar a tura yau, ka ajiye. Ba rashin ladabi ba ne.

Gyaran ba shi da wuya, tsari yake so. Fara da na daƙiƙa 15. Rubuta ɗangon waƙar da haruffan kana, wato haruffan Japananci masu nuna sauti, ka sa lokacin da kowane sauti ya fara da lokacin da ya mutu, har da jan numfashin mawaƙi da amon da ke bin muryarsa. Nemo inda jimla ta cika, ka kafa nan a matsayin ƙarshe, sannan ka ƙirga baya zuwa daƙiƙa 12. Inda ƙirgen ya kai nan ne mashiga. Idan ya faɗa a tsakiyar kalma, shiga da kiɗa zalla har murya ta zo. Shi ya sa tun ranar farko ake neman kamfanin faifai ya ba da murya daban, kiɗa daban. Ƙara sauri da na'ura yana taimakawa kaɗan ne: daga bugu 72 zuwa 74, gaɓa huɗu za ta sauko daga daƙiƙa 13.3 zuwa 13, ribar sulusin daƙiƙa. Ka wuce haka, rawar muryar mawaƙi za ta tona maka asiri, kuma shi ma sauyi ne da ake neman izini a kansa. Wannan guntun, ba cikakkiyar waƙa ba, shi ake tura wa marubuci kafin a ɗauki hoto ko ɗaya.

Tallace-tallacen da Japanawa ke tunawa har yau duk sun kauce wa wannan rami. Kamfanin jirgin ƙasa na JR Tokai ya ɗauki "Christmas Eve" ta Yamashita Tatsuro, waƙar 1983, ya sa ta a tallansa daga 1988. Kusan babu mai magana a ciki, an bar wa waƙa fili. Ɗangonta na cewa wanda ake jira ba zai zo ba, kalmar ita ce konai, a hoto kuma budurwa na jira a tasha har jirgi ya kawo shi. Daɗin tallan kacokan yana rataye ne a kan wannan korewar. Guntule "nai" ka kashe shi. A Disamban 1989, shekara shida bayan fitowarta, waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin cinikin faya-fayan waƙa na Oricon. Kamfanin inshora na Meiji, wanda ya zama Meiji Yasuda a 2004, yana amfani da muryar Oda Kazumasa tun 1999 a kan hotunan iyalai. Waƙarsa "Kotoba ni Dekinai" ta dace da talla ne don amshinta yawanci rerawa ce marar kalmomi, ana iya rage ta ko ƙara ta, sai jimla guda gajera ta rufe.

Wasu kuma tun farko don tallan aka rubuta su. "Ii Hi Tabidachi" da Yamaguchi Momoe ta rera a 1978, Tanimura Shinji ya rubuta ta ne don yaƙin tallan hukumar jiragen ƙasa ta gwamnati. A shekarar ce kuma Shiseido ya fito da "Jikan yo Tomare" ta Yazawa Eikichi, taken tallan shi ne sunan waƙar. Idan akwai kuɗi da lokaci, wannan ita ce hanyar da nake fifitawa: mawaƙi ya san daƙiƙa 14 gare shi tun yana rubutu.

Sauran darussan gajeru ne. Izini ƙofa uku ne: masu riƙe da rubutu da karin waƙa, galibi ta hannun JASRAC, ƙungiyar da ke kula da haƙƙin mallakar waƙoƙi a Japan, inda a harkar talla mai waƙa ne ke yanka farashi ba jadawali ba, kamfanin da ya mallaki faifan, sai ofishin mawaƙi. Sa wani ya sake rerawa yana kauce wa ƙofar faifai ne, ta marubuci tana nan. Kwangila da wata uku-uku ake ƙirga ta, kuma izinin talabijin bai haɗa da intanet ba sai an rubuta. Cire tallan daga YouTube ranar da wa'adi ya cika. Tambayi ko mawaƙin na ɗaure da wani kamfani mai kaya irin naku. Kada ka ɗora muryar mai bayani a kan ɗangon waƙa, kunne ɗaya zai bi ya bar ɗaya. Tun Oktoban 2012 gidajen talabijin na auna matsakaicin ƙarfin sauti a kan -24 a ma'aunin ƙarar sauti na LKFS, don haka baiti mai sanyi da ka zaɓo za a ɗaga shi har da hucin numfashi da ƙarar fedar fiyano. Saurare shi a ƙaramar lasifika irin ta talabijin na ɗaki kafin ka sa hannu. Ka kuma duba rubutun sunan waƙa da na mawaƙi da ke fitowa a kusurwar allo harafi bayan harafi, da takardar kwangila a hannunka.