Shayin 'ya'yan tafasa irin na Sinawa: a tsince kafin a ɗora kasko

Tafasar da muke kwaɗo da ganyenta da damina, 'ya'yanta ne Sinawa ke kira jue ming zi, kuma tun a tsohon littafinsu na tsirrai, Shennong Bencao Jing, suna cikin magungunan ido. Ana ba mai jan ido, da mai yawan hawaye, da wanda haske ke damun idonsa, da mai taurin bayan gida. Kundin magungunan ƙasar Sin ya ƙayyade giram 9 zuwa 15 a yini, kuma da wannan ma'auni nake aiki.

Inda na sha asara shi ne wajen saye. Tiya guda na auna a kasuwa, mai kaya ya rantse tsantsar tafasa ce. Sai da rabi ya soyu sannan 'ya'yan rai-ɗore suka bayyana a ragowar da ke kan faifai. Soyayyen duka bola ya tafi, domin bayan suya launinsu ya zama ɗaya, ba idon da zai iya tsince su da tabbaci. Har yau abin na ƙona mini rai, don rai-ɗore ba abin wasa ba ne. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya an danganta mutuwar yara da cin 'ya'yansa, ta hanyar wani ciwo da ke taɓa hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa.

Ga bambancin. Ƙwayar tafasa doguwa ce kaɗan, milimita 3 zuwa 7, mai sheƙi, ruwan ƙasa da ɗan kore, bakinta biyu kamar an yanke su a karkace. Ta rai-ɗore shafaffiya ce, kusan zagayayya, ba ta da wannan sheƙin. A baza su a faifai cikin hasken rana, tafi ɗaya bayan ɗaya. Da fitila ko da magariba ba a wannan aikin.

Suya kuwa a busasshen kasko ake yi, ba mai, wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa ba tsayawa, kamar minti 8 zuwa 10. Idan suka ɗan kumbura, suka fara ƙara, ƙamshi mai kama da na kofi ya tashi, a juye a tire nan take, in ba haka ba zafin kaskon zai ƙona su, shayin ya yi ɗaci. Kada a tsallake suyar. Ɗanyun suna sa gudawa saboda sinadaran da ke cikinsu, irin waɗanda ke cikin filasko, kuma wuta ce ke rage musu ƙarfi. Shi ya sa likitocin Sin suka ware ɗanye domin taurin ciki, soyayye kuma domin ido.

Ina ɗan farfasa giram 10 a turmi, wajen cokalin cin abinci ɗaya, in tafasa a rabin lita na ruwa minti 15. Idan ba a fasa ba, ɓawon na da tauri, ruwan sai ya fito salam. Sinawa kan jefa busasshen furen juhua (furen da ake kira chrysanthemum da Turanci) a ƙarshe, amma ko babu shi shayin ya yi. Mako ɗaya ko biyu ake sha a huta. Mai juna biyu, da mai zawo, da mai shan maganin hawan jini su bari sai sun tambayi likita.

Sha ake yi, ba a ɗigawa a ido. Yanar ido, ko hawan jinin ido, ko idon da ke fidda ruwan mugunya, asibiti ne maganinsu. A fata kuma, a Indiya an fi sanin niƙa ƙwayar a kwaɓa da ruwan lemon tsami a shafa wa makero. Nakan gwada a ɗan wuri a hannu tukuna, don tana iya sa ƙaiƙayi.

Yanzu na daina sayen surfaffe. Da kaka nake tsinko kwafson da kaina, don a jikin tsiro ba a ruɗewa: tafasa ganye shida ne masu zagayayyen baki da siririn kwafso mai lanƙwasa, rai-ɗore kuwa ganyensa masu tsini ne, kwafsonsa mai faɗi. In shanya, in casa, in zuba a kwalba mai murfi.