Kayan rangwame a kantunan Damagaram: abin da nake saye da abin da nake bari

Sana'ata girki ce. Ina dafa abincin biki da na suna a nan Damagaram, wani lokaci har da na taron ma'aikata, kuma duk wadda ta daɗe a wannan sana'a ta san a wurin cefane ake cin riba ko a faɗi. In kin sayi kaya da tsada, kin yi wa mai biki aikin kyauta. In kin bi araha ido rufe, baƙi su tashi su bar miki abinci a faranti, gobe kuma ba wanda zai sake kiranki. Shi ya sa tun da kantunan zamani suka fara yawa a garin nan, irin masu ƙofar gilashi da kwandon da mutum zai ɗauka ya zaɓi kaya da kansa, nake shiga ina dubawa, musamman lungun da suke jera kayan rangwame. Abin da na sayo a can sai na gwada shi da na Kasuwar Dole, a murhu ɗaya, da hannu ɗaya.

Ɗan wana yana karatu a Faransa, kuma shi ya fara sa ni tunanin inda araha take fitowa. Ya ce mini, "Gwaggo, mu ɗalibai a Lidl da Aldi muke cefane, kuma abincinsu ba shi da laifi ko kaɗan." Kantunan Jamus ne su biyun. Aldi na wasu 'yan'uwa biyu ne, Karl da Theo Albrecht, da suka karɓi ɗan shagon mahaifiyarsu a garin Essen bayan yaƙin duniya na biyu, sunan Aldi kuma ya fito a 1962. Lidl ya buɗe kantinsa na rangwame na farko a 1973. Dabararsu a fili take. Nau'in kayan da suke ajiyewa kaɗan ne, mafi yawansu kuma da sunan kantin ake yi musu su, sai su saya da yawa a lokaci guda su matsa wa masana'anta ta rage kuɗi. Ba a ɓata lokacin jera kaya, a cikin kwalinsu ake ajiye su. Ma'aikata 'yan kaɗan ne, har keken zuba kaya sai ka sa tsaba kafin ka cire shi, don ka mayar da shi da kanka. Wato daga hidimar kanti aka zabge kuɗin, abin da ke cikin gwangwani kuwa doka tana tsaye a kansa.

Ya kuma ba ni labarin yadda Faransawa suke yi da giyar inabi. Kowace kaka manyan kantuna suna yin kasuwar rangwamenta, masana kuma su rufe takardar kwalba su ɗanɗana ba tare da sun san ta wane kanti ce ko nawa take ba, kuma yakan faru ta araha ta wuce ta tsada. Mu ba ma sha, ba ta shiga gidana ba kuma ba za ta shiga ba, amma dabarar rufe takardar ta burge ni, na ɗauke ta. Yanzu in zan gwada kaya biyu, sai in zuba su a kwanoni iri ɗaya, in kira yaran da ke taya ni aiki su ɗanɗana, ban faɗa musu wanne ne wanne ba.

Abin da na gano shi ne arahar nan garin ba daga hidimar kanti take fitowa ba. Mai kanti a Damagaram yana biyan haya, yana biyan kuran, wato wutar lantarki, yana biyan kuɗin mota daga Kano ko daga tashar jirgin ruwa mai nisan gaske, ga duwan, wato kwastan, a hanya. Ba shi da inda zai rage. Saboda haka in kika ga kaya ya faɗi ƙasa sosai, sau da yawa ɗayan biyu ne: ko dai tun a masana'anta aka rage wani abu a cikinsa, ko kuma kwanansa ya ƙarato.

Madarar gari ce ta fi ci mini rai, don haka da ita zan fara. Madara ta gaskiya, wadda aka busar da mainta a ciki, ana rubuta mata « lait entier », kuma man nonon da ke cikinta ba ya kasa kashi 26 cikin 100. Akwai kuma wata, wadda ta cika kasuwanninmu: a Turai ake cire man nonon a yi man shanu a sayar da tsada, sauran kuma a zuba masa man kwakwar manja a busar, a turo mana a buhu mai kilo 25. Tun da Tarayyar Turai ta cire ƙayyade yawan nonon da manomanta za su tatsa a 2015 irin wannan garin ya ƙara malalowa Afirka ta Yamma. A jikin buhun an rubuta gaskiya, « matière grasse végétale », wato man tsirrai, amma wa yake ganin buhun? Ƙulla ta ake yi a farar leda, babu suna babu kwanan wata, uwa ta saya ta dama wa yaro tana ganin nono ta ba shi. A shayi ba kowa ke bambance su ba, har yarana sun kasa. A fura ne asirinta ke tonuwa. Na kwana da kindirmon kowacce, da safe na ɗebo a ludayi: ta gaskiyar ta kama, tana da nauyi da ƙanshin nono, ɗayar kuwa ta tsinke da ruwa a sama, in ka sha kuma wani maiƙo ya manne maka a ganɗa. Duk su biyun ba su kai nonon da matan Fulani suke shigowa da shi gari a ƙwarya ba, in dai kin san wadda kike saye a wurinta kuma kin tafasa. A wannan fannin kanti ya fi tebur da abu ɗaya: gwangwani ko fakiti yana da takarda, za ki iya juyawa ki karanta.

Tumatirin gwangwani da na leda ma haka. Ƙa'idar rubutun kayan haɗi ita ce a fara da abin da ya fi yawa, a bi da na biye. Mai kyau za ki ga « double concentré 28 % », kayan haɗinsa tumatir da gishiri, shi ke nan. Na rangwamen da na sha karantawa kuwa jerin yana da tsawo: ruwa, sitaci, sukari, dusar waken soya, kala. Ba sai kin iya Faransanci sosai ba, tsawon jerin kaɗai ya ishe ki. A tukunya ma ba ya ɓuya. Mai kyau in ya shiga mai mai zafi sai ya yi duhu a hankali, man ya taso ja a gefe, tsaminsa ya mutu. Mai sitaci kuwa kumbura yake yi, ya kama gindin tukunya tun bai soyu ba, miyar ta yi kauri da sheƙi amma a baki salam. Sai kin zuba biyu a inda ɗaya zai isa, to ina arahar? Lokacin sanyi, in ɗanyen tumatir ya shigo daga lambunan Mirya da Gidimuni, ba na ko kallon gwangwani. In rani ya yi nisa kuma kauɗa nake jiƙawa in niƙa da tattasan Difa, in ƙara cokali biyu na gwangwani mai kyau don launi. Baƙi ba su taɓa mayar mini da wannan miyar ba.

Mai kuwa, a nan zuciyata ba ta tsaka-tsaki. Ƙasar gyaɗa ce wannan. Iyayenmu sun ga zamanin da ake tara buhunan gyaɗa ana fitar da su waje, har da masana'antun matse mai a Matamaye da Magarya. Yau man da ya fi yawa a kantuna shi ne na rawayen bido, man kwakwar manja da aka tace, wanda ke yin barci a kwalba da hunturu. Ba guba ba ne, kuma wanda aka rufe tun daga masana'anta yakan zo da bitamin A a ciki, abin da yara ke bukata. Da shi nake suyar da ke cin mai da yawa, kamar fanke da cincin na biki, don aljihun mai biki ba zai ɗauki man gyaɗa ba. Amma shinkafa da wake, ko dambun zogale, ko kwaɗo, man gyaɗar matan da ke yin ƙuli-ƙuli nake zubawa, kuma duk wanda na ba kwano biyu ya nuna shi tun daga ƙanshi. Sai dai shi ma a yi hattara. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana da dafin da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Ni a wurin mace ɗaya nake saye, wadda na ga yadda take tsince gyaɗarta a tabarma kafin ta kai inji.

Akwai inda kanti ya yi nasara, kuma hakkinsu ne in faɗa. Taliya da makaroni na araha, ko na Najeriya ko waɗanda ke gangarowa daga Aljeriya ta Agadas, ban ga wani bambancin da zai sa in ƙara ko dala ɗaya ba, in dai an tsame su da wuri. Sukari sukari ne. Sardin ɗin Maroko mai sauƙin kuɗi yana yi mini aikin da mai tsada zai yi a cikin burodi. Gishiri ma na fakiti nake saye saboda sinadarin da ke hana maƙoƙo. Shinkafa ta fi son a tsaya a kanta kaɗan: lambar da ke jikin buhu, 5 % ko 25 %, yawan karyayyun ƙwayoyi take nufi, kuma mai karyayyar ta fi araha, ta fi kuma dacewa da tuwo da masa. Abin dubawa shi ne tsufanta. Ki sa hannu har ƙasan buhu ki ɗebo, ki shinshina. In kin ji warin rumbu, ko kin ga fari-farin gari ya manne miki a tafin hannu da ƙananan ƙwari suna yawo, ki bar ta komai arahar.

Abin sha shi ne inda aka fi yi mana wayo da hoto. Kwali da zanen mangwaro yana ɗiga ruwa, ki juya baya ki ga ruwa da sukari ne a gaba. Wanda aka rubuta wa « 100 % pur jus » shi ne ruwan 'ya'yan itace zalla. « Nectar » an sirka shi da ruwa da sukari, 'ya'yan itacen da ke ciki daga kashi 25 zuwa 50 cikin 100 ne, gwargwadon irinsu. « Boisson » kuwa yana iya zama ɗan ɗigo kawai. Garin lemon da ake kaɗawa a bokiti ranar biki shi babu ma abin faɗa, sukari ne da tsami da ƙanshi da kala, dubi harshen yara bayan sun sha. Da kuɗin kwali biyu na kanti nake haɗa zoɓo da citta da kanumfari da na'ana'a mai isar tsakar gida guda, ko tsamiya, ko kunun aya da dabino. Matsalar zoɓon ita ce ruwa. Kowa ya san wahalar ruwan garin nan, kuma wanda ake ƙullawa a leda a bakin hanya ba ki san da wane ruwa aka yi shi ba. Nawa tafasa shi nake yi, ƙanƙarar ma sai na san inda ta fito.

Kwanan wata iri biyu ne, kuma rashin sanin bambancinsu yana sa wasu zubar da abinci mai kyau, wasu kuma cin wanda ya lalace. « À consommer de préférence avant » na busassun kaya ne irin taliya da biskit da shayi, in ya wuce da kaɗan ɗanɗano ne ke raguwa. « À consommer jusqu'au » na kaya masu saurin lalacewa ne irin yawur da nama, wannan ranar iyaka ce, ba a tsallake ta. Sannan masu buga kwanakin nan ba su lissafa da zafin Afrilu da Mayu na Damagaram ba, lokacin da ake haura digiri 40, ba su kuma lissafa da ɗaukewar kuran ba. Kajin firigo da kika ga ƙanƙara mai ruwan jini ta daskare a ƙasan ledarsu, sun narke ne aka sake daskarar da su. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bakinsa, ko kyauta aka ba ki kada ki buɗe.

Kwanan baya na ce wa wani mai kanti da nake ciniki da shi, "Alhaji, don Allah madarar nan da kuke ƙullawa, ku riƙa ajiye buhunta a inda mai saye zai gani." Ya ce, "Hajiya, ai mutane kuɗin kawai suke tambaya." Na ce masa ni dai na tambaya, kuma zan sa matan da muke adashi tare su riƙa tambaya. Ya shiga ciki ya jawo buhun, muka karanta tare, mai man kwakwar manja ce. Na sayi tiya ɗaya don cincin, inda ba ta da illa ga aikina, na kuma ɗauki gwangwanin « lait entier » don kunun jikokina.